Gardamar teburin mai shayi: wai daga "four" Bature ya samo "fork"?

Abin ya faru ne a teburin mai shayin bakin layinmu, bayan Isha'i, an soya min indomi da ƙwai biyu, yaron shagon ya miƙo min faranti da farin cokalin roba mai yatsu, irin wanda in ka ɗan danna da ƙarfi yatsa ɗaya zai ɓalle ya maƙale a cikin taliyar sai ka yi ta lalube. Wani maƙwabcinmu mai gyaran waya yana gefe shi ma da nasa farantin, kawai sai ya ɗaga cokalinsa sama kusa da ƙwan sola ya fara ƙirge, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya ce kun ga hikimar Bature ko? Yatsu huɗu, "four", shi ya sa ya ce "fork", ba ya raɗa wa abu suna a banza. Wallahi nan take mutum uku suka ce haka ne, har da wani dattijo da ya ce shi shekararsa sittin bai taɓa lura ba sai yau.

Ni dai na ce masa mutumina wannan magana ta yi daɗin ji amma ba haka ba ne. Ya ce to Malam kawo taka. Ban iya kawo ta yadda ya kamata a wurin ba saboda baki cike da taliya kuma an riga an yi masa tafi, shi ya sa na zauna na rubuta ta a tsanake.

Hanya mafi sauƙi ta rusa maganar "four" ita ce shekaru. Kalmar ta girmi cokali mai yatsu huɗu da ɗaruruwan shekaru. Tun a tsohon Turanci, wanda ake yi a Ingila kafin 1066, akwai ta, suna rubuta "forca", kuma a lokacin huɗu "feower" suke ce mata, ka ga ko kama ba su yi sosai ba. Kuma abin da suke kira "forca" ɗin ko kusa da kwanon abinci ba ya zuwa, kayan gona ne, doguwar sanda mai baki biyu da ake ɗaga ciyawa da ita a loda a keken shanu. Baki biyu fa, ba huɗu ba.

Su ma aro suka yi. Asalin kalmar daga Latin ne, harshen Rumawa, "furca". In kana son fassarar furca da Hausa kar ka wahalar da kanka, gwafa ce. Icen nan mai baki biyu da ake tokare rumfa da shi, ko a tallafi reshen da 'ya'ya suka yi wa nauyi. Rumawa ma haka suke yi da furca, su tokare inabi da ita, su kwashi ciyawa da ita. Amma akwai wani aikin da suke sa ta wanda ba shi da daɗin ji: in bawa ya yi laifi sai a ɗora masa furca a wuya, a ɗaure hannayensa biyu a jikin rassan, a zaga da shi gari ana dukansa kowa ya gani. Wanda aka yi wa haka sunansa "furcifer", wato mai ɗauke da gwafa, daga baya kalmar ta zama zagi kawai, kamar ka ce tsinanne, ɗan iska, wanda ƙarshensa rataya. Riƙe wannan kalmar, za mu dawo kanta. Bayan sarki Constantine ya hana gicciye mutane a ƙarni na 4, furca ta koma sunan icen da ake rataye mai laifi. Har gobe a Italiyanci "forca" na nufin wurin rataya, a Fotugis ma "forca", a Sifaniyanci kuma f ɗin ta koma h suka ce "horca", ita ce ta gona ita ce ta rataya.

To ka ji dangin da cokalin indominmu ya fito, gona da gidan hukunci.

Akwai wani ƙaramin abu da ni ya burge ni game da k ɗin ƙarshen kalmar. Da Normandiyawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066 sun zo da Faransancinsu na arewa, su "forque" suke cewa da k, alhali mutanen wajen Paris "fourche" suke cewa. Wannan bambancin ba a nan kaɗai ya tsaya ba, shi ne ya ba Turanci "catch" da "chase" daga tushe ɗaya, da "cattle" da "chattel". Sai ta arewan ta tarar da 'yar uwarta forca zaune a Ingila tun tuni, suka haɗu suka zama "forke", har e ɗin ta faɗi. Jamusawa kuwa nasu sunan na gado suka riƙe, "Gabel", ita ce ta teburi, duk da su ma suna da "Forke" ta gona. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da ke jin "carrefour" kullum a bakin 'yan tasi, ita ma furca ce a ciki, daga Latin mai nufin abu mai rassa huɗu, wato mararraba. Abin dariya, in dai huɗu ake nema a wannan dangin to a "carre" ɗin farkon carrefour take, "four" ɗin ƙarshen shi ne gwafar.

Yanzu ta yaya gwafa ta hau teburi? Nan ne labarin ya yi tsawo, domin sunan ya zauna a Ingila shekaru ɗaruruwa yana jiran abin.

Turawan wancan zamanin da hannu suke cin abinci, kamar ni da kai. Kowa ya zo da wuƙarsa a ƙugu, akwai cokali na romo, a kawo ruwa da tasa a wanke hannu kafin a fara da bayan an gama, nama kuma a yanka a ɗora kan yankan busasshen burodi a kai baki da yatsu. A kicin akwai babban ƙarfe mai ƙugiya na tsamo nama daga tukunya, amma a ce mutum ya soki loma da ƙarfe ya kai bakinsa, wannan sai a gabas, a fadar Rumawan Kustantiniyya, garin da ya zama Santambul.

Daga can wata gimbiya ta yi aure zuwa Venice, wani birni a Italiya. Wani babban malamin coci, Peter Damian, ya ba da labarinta cikin fushi, ya ce matar ba ta yarda ta taɓa abinci da hannu, sai bayinta sun yayyanka mata ƙanana-ƙanana sannan ta ɗauka da wasu 'yan ƙarafan zinariya masu baki biyu ta kai baki, wanka ma ba ta yi da ruwan da kowa ke amfani da shi. Da cuta ta kama ta jikinta ya lalace ta mutu, shi a wurinsa sakayyar girman kai ce. Bai ambaci sunanta ba, amma akasarin masu tarihi sun fi karkata ga Maria Argyropoulina wadda ta auri Giovanni Orseolo, ɗan shugaban Venice, wajen 1004, annoba ta kashe su ita da mijin ba da jimawa ba. Wasu na cewa wata gimbiyar ce ta baya, Theodora matar Domenico Selvo, sai dai Damian ya rasu a 1072 kafin a ɗaura wancan auren, ka ga lissafin bai hau ba. Abin lura a nan, ko Damian bai kira abin furca ba, "fuscinula" ya ce, ƙaramin mashin kamun kifi. Wato a lokacin abin ko tsayayyen suna bai samu ba, kowa na duba abin da ya yi kama da shi ya laƙaba masa.

Italiyawa ne suka fara rungumarsa da gaske, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin cin taliya mai zafi da mai da hannu ya san dalili ba sai an faɗa masa ba. Suka duba suka ce ai wannan 'yar ƙaramar forca ce, "forchetta". Faransawa suka bi, 'yar ƙaramar fourche, "fourchette". Kamar dai mu ce 'yar gwafa. Ana yawan cewa Catherine de Medici, wata 'yar manyan gida daga Italiya, ce ta kai shi Faransa da ta auri ɗan sarki a 1533, amma akwai shi a taskar sarakunan Faransa tun kafin a haife ta, kawai dai ba a cin abincin yau da kullum da shi.

A Ingila ma haka, yana nan jefi-jefi a gidan masu hannu da shuni amma na kwalliya da kayan zaƙi. Da aka ƙirga kayan Piers Gaveston, na hannun daman sarki Edward na 2 wanda aka kashe a 1312, an samu cokulan azurfa birjik amma masu yatsu guda 3 kacal, kuma an rubuta na cin 'ya'yan itacen "pear" na ƙasashen Turai ne. A 1463 wani attajiri a garin Bury St Edmunds, John Baret, ya bar wasiyya, a ciki ya ambaci "forke" ɗinsa na azurfa na cin ɗanyar citta, irin wadda ake jiƙawa a ruwan sukari. Wannan na daga cikin wuraren farko da aka ga kalmar a Turanci da ma'anar abin cin abinci. Dalilin a fili yake, abu mai danƙo ne, ba ka son ya ɓata maka yatsu da hannun riga. Nama kuwa har lokacin hannu.

Sai Thomas Coryat, mutumin da ni a duk labarin nan shi ya fi ba ni dariya. Ɗan wani ƙauye ne Odcombe a Somerset, a 1608 ya tashi yawon Turai na kusan wata biyar, da yawan tafiyar a ƙafa, da ya dawo har takalmansa ya rataye a cocin ƙauyensu don a gani. A 1611 ya fitar da littafin tafiyar mai suna Coryat's Crudities, a ciki ya ba da labarin wata al'ada da ya ce bai gani a ko'ina ba sai Italiya: in za su yanki nama a akushin da kowa ke ci, wuƙa a hannu ɗaya, ƙaramin fork a ɗayan su danne naman da shi, duk wanda ya sa yatsa a akushin an ɗauke shi mara tarbiyya, a harare shi ko ma a faɗa masa magana. Ya ce akasari na ƙarfe ne, na azurfa sai manya. Dalilin da ya kawo shi ne Ba'italiye ba ya jure a taɓa masa abinci da yatsu tunda ba kowa ne yatsunsa ke da tsafta ba. Duk wanda ya taɓa zama cin tuwo da yaron da bai wanke hannu da kyau ba ya fahimci Ba'italiyen nan.

Coryat ya ɗauko al'adar ya dawo da ita gida yana ci da shi a gaban mutane, sai wani abokinsa Laurence Whitaker ya laƙaba masa suna a teburi, ya kira shi Furcifer. Ka tuna kalmar? A zahiri mai ɗauke da fork, a baɗini kuma tsinannen bawa mai gwafa a wuya. Barkwanci ne na 'yan bokon lokacin da duk sun sha Latin a makaranta, kuma Coryat da kansa ya rubuta shi a littafin, ko a jikinsa. Abin da wannan ke nuna min shi ne a 1611 mai ilimi a Ingila in ya ji fork, furca yake ji a bayanta, da gonar da ratayar duka, babu wanda tunaninsa ya je kan "four". Shi Coryat yawon bai bar shi ba, a Surat ta Indiya ya mutu a 1617.

Kuma ko a lokacin yatsu biyu ne. Mafi tsufan fork na azurfa ƙirar Ingila mai ɗauke da hatimin shekara da aka sani, na 1632 zuwa 1633 ne, yana gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, yatsunsa biyu, miƙaƙƙe sambal kamar tsinken tsire da aka tsaga. Da irin wannan za ka soki nama amma gwada ɗibar wake ko shinkafa ka gani, duk ta tsakiya za su zube. Shi ya sa a hankali aka ƙara na uku, aka lanƙwasa shi kaɗan ya ɗan yi kama da cokali, huɗu kuma ba su zama ruwan dare ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 18 zuwa na 19. Daga nan masana'anta ta karɓa, a 1840 'yan Elkington a Birmingham suka yi rajistar hanyar shafa wa ƙarfe azurfa da lantarki, a 1913 Harry Brearley a Sheffield ya fito da ƙarfen da ba ya tsatsa, abin da da sai gidan sarki ya zama na kowa, har ya gangaro ya zama na roba a teburin mai shayinmu. In ka lissafa daga forca ta tsohon Turanci zuwa yatsa na huɗu, tazarar ta haura shekara 700.

Wani abu da Turanci ya yi daban da maƙwabtansa, bai ƙanƙanta sunan ba. Ba'italiye da Bafaranshe sun bar wa ta gona sunanta suka ba ta teburi na 'ya. Bature ɗan Ingila kuwa suna ɗaya ya bar musu, har baƙon ya ƙwace gidan, yau in ka ce fork kawai kowa na teburi zai kawo maka, ta gonar da ta riga shi sai ka ce "pitchfork" kafin a gane. Tsohuwar ma'anar ta rabuwa biyu dai ba ta mutu ba, inda hanya ta rabu ko kogi ya rabu fork ne, ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ta keke fork ne, masu manhajar kwamfuta in suka kwafi aikin wani suka ɓalle da shi nasu hanyar su ma fork suke cewa. A duk waɗannan biyu ake nufi.

To mu fa? Nan ne nake ganin Bahaushe ya yi abin a yaba, ba don son kai ba. Balarabe ya kalli abin ya ga tsini ya ce "shauka", ƙaya. Mutumin Sifaniya ya kalli aikinsa ya ce "tenedor", mai riƙewa. Turawan da muka lissafa suka kalli sura suka ce gwafa. Mu muna da gwafa a harshenmu, da mun so da mun ce 'yar gwafa, da mun so kuma da mun ari kalmar kamar yadda muka ari cebur da bokiti da kofi, amma sai aka ce cokali mai yatsu. Ka duba duk rigimar da aka yi ta yi a Turai tun daga gimbiyar Venice har Coryat, a kan me ake yi? A kan yatsu ne, ko a ci da na jiki ko a ci da na ƙarfe. Sunan Hausa shi ya tafi kai tsaye kan wannan. Kuma mun maimaita dabarar da na lambu ya zo, muka ce cebur mai yatsu, wato mu ta teburin da ta gonar duk ta hanyar hannu muka gan su.

Shi kansa cokali masu nazarin harshe na cewa aro ne daga Buzaye, su suna cewa tashokalt, mu namu na gado su ne ludayi da koshiya da mara. Turancinsa "spoon" kuma asalinsa "spon", ɓallin ice, sassaƙe, domin da ice ake yin sa. Kuma dan Allah tunda ana maganar kama, kar wani ya taso gobe ya ce "ladle" daga ludayi aka samo, na san akwai masu wannan ra'ayin. Ladle daga tsohon Turanci "hlædel" take, daga aikatau "hladan", ɗiba ko lodi. Kama ce kawai ta kunne, irin ta four da fork. Kunne na da saurin ƙulla zumunci tsakanin kalmomi, amma in ba ka bi tsofaffin rubuce-rubuce ka ga yadda kalma take shekara 500 ko 1000 baya ba to hasashe kake.

Wani abin dariyar kuma, in ka fassara cokali mai yatsu kalma da kalma ka ba Ba'amurke, ba fork zai kawo maka ba, zai kawo maka abin da suke kira "spork", cokali sosai mai kwarmi da 'yan gajerun yatsu a baki, sun haɗa spoon da fork suka yi suna ɗaya. Tun 1874 wani likita a Rhode Island, Samuel W. Francis, ya yi rajistar wani abu mai kama da haka, cokali da yatsu da wuƙa a jiki ɗaya.

Bayan kwana biyu na koma teburin da duk wannan a kaina, na samu mutumin nawa na zayyana masa tun daga gwafar Rumawa har takalman Coryat. Ya saurara tsaf yana juya shayinsa, da na gama ya ce to Malam na ji, amma yanzu dai yatsun nawa ne? Na ce huɗu. Ya ce shi kenan. Dattijon nan ya ce shi dai abin da ya tsaya masa a rai bawan da aka ɗora wa gwafa, Allah ya kiyaye. Mai shayi kuwa ko kallonmu bai yi ba, ya ce wa yaronsa ya duba a kwali ko farin cokalin ya ƙare a sayo wani gobe, kuma a daina ba mutane biyu-biyu.